Ba Laifin Tarago Ba Ne, Abban Ummi

Zuwa ga mijina, Abban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta mace ga mijinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ya yalwata maka shi, ya haskaka shi. Ni ce Rabi. Yau wata bakwai ke nan da aka kai ka, a ƙasar da ba tamu ba. Ka san ban iya dogon rubutu ba, kai ne mai digiri, ni a aji uku na sakandare na tsaya. Amma akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa da baki, kuma kai ya kamata ka fara ji, domin alkawarin da na yi maka nake shirin saɓawa.

Ƙaramin jirgin ƙasanka yana nan yadda ka bar shi a ɗakin baya, a kan katakon da ka shimfiɗa masa layi. In ban da tarago ɗaya, ban matsar da komai ba, ƙura kawai nake gogewa.

Ka tuna shekarar da muka zo Cheras, nan ƙasar Malayawa, don karatunka, Ummi tana goye a bayana? Ka shigo da ƙaramin kwali kana murmushi, na ɗauka wani abin girki ka sayo mini. Da ka buɗe sai ga ƙananan taragun jirgin ƙasa guda uku, kowanne bai fi tafin hannuna ba. Na ce, Abban Ummi, mutum da gemunsa? Ka ce, Rabi, ba wasa ba ne, tashar Baba nake ginawa. A ranar na san cewa Baba, mahaifinka, aikinsa a reluwe shi ne haɗa taragu a tashar Zariya, kuma kana ƙarami kakan kai masa abinci ka tsaya kana kallo. Shi ya sa ba ka taɓa sayen taragon fasinja ba. Na kaya kawai: na shanu, na mai, na buhuna.

A shagon tsohon nan Basine, mutumin Sin, da kowa ke kira Ankul, masu tsada suna cikin gilashi, masu araha suna cikin kwando a bakin ƙofa. Kakan ce kai da na gilashi gaisawa kawai kuke yi, ɗalibi sai na kwando. Na kwandon nan roba ce zalla, har ƙafafun. Ba su da nauyi, kamar ɓawon ƙwai. Ƙugiyar da ke haɗa su ƙatuwa ce marar fasali, sai an yi kokawa take kamawa. Duk lokacin da jirgin ya zo kwanar da ke kusa da taga, sai ɗaya ya goce ya ja 'yan uwansa su zube.

Kai ne ka kawo dabarar buhuna. Ka ce in ɗinka maka ƙanana da ƙyallen atamfa, mu cika su da geron da ake aiko mana daga gida, a loda a ciki don su yi nauyi. Na zauna ina ɗinka buhun da bai kai gaɓar yatsa ba, ina dariya ina soke kaina da allura. Ɗaliban da ke zuwa karɓar tapau, wato ƙunshin tuwon da nake sayarwa, sukan leƙa ɗakin. Akwai wanda ya ce, Oga, yaushe za a fara lodi zuwa Legas? Ka ce masa, ranar da ka gama rubuta babi na biyu. Bai sake tambaya ba.

Haka muka yi shekaru. Ka gama karatu, ka samu koyarwa, Ummi ta shiga makaranta ta koyi Turanci da Malayanci fiye da Hausa.

Ban san ranar da taragun suka fara faɗuwa daga hannunka ba. Na dai fara jin ƙarar roba a kan tayil sau da yawa. Ƙugiya ta karye, tsani ya ɓalle, ƙafa ta fita. Kullum maganarka ɗaya ce: kayan araha ke nan. Ni kuma in ce gaskiya ne, in ɗauko allura in ƙara buhuna. Shekara biyu muna haka. Na ga shayi yana zuba a rigarka, na ga yadda kake daɗewa a kan maɓallin wuya, amma tunda taragun da gaske ba su da kyau, ƙaryar ba ta yi mana wuya ba.

Sai wata Asabar ka dawo daga wurin Ankul kamar wanda aka yi wa albishir. Ka ce sababbi sun zo, kuma a cikin kwandon nan na bakin ƙofa suke, ba a gilashi ba. Ka jera su a tabarma kana nuna mini. Ƙafafun ƙarfe ne, in suna tafiya suna ƙara irin ta jirgin gaske. An riga an sa musu nauyi a ciki. Ƙugiyar 'yar mitsitsiya ce, in ka turo tarago ya taɓa ɗan'uwansa da kanta take kamawa. Ƙofofinsu suna buɗewa. Rubutun jikinsu ma sai da Ummi ta sa madubin ƙara girma ta karanta maka. Ka ce, Rabi, talaka ya samu shiga. Ka ce daga yau an yi mini ritaya daga ɗinkin buhu, ba fansho.

Bayan la'asar hadari ya haɗu kamar yadda yake yi a garin nan, ɗakin ya yi duhu har ka kunna fitila. Ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ka ɗauki sabon koren taragon shanu za ka ɗora a layi. Ya ƙi hawa. Ka sake, ƙafafun gaba suka hau, na baya suka goce. A na uku ka buɗe baki za ka faɗi maganar da ka saba, sai Ummi, tana 'yar shekara tara, ta karɓa daga hannunka ta ɗora. Ta tura shi da yatsa ɗaya, ya je ya kama ɗan'uwansa, ƙyas. Ka sa hannunka a aljihu, ka bar shi a can. Tsofaffin taragun sun rufa maka asiri shekara biyu, sababbin suka tona shi a yini ɗaya.

A asibiti likitar ta faɗi sunan ciwon da Turanci, har yau ban riƙe shi ba. Ta tambaye ka ko akwai mai irinsa a gidanku. A nan na ji abin da ba ka taɓa gaya mini ba: Baba bai bar reluwe don tsufa ba. Hannunsa ne ya daina kama ƙugiya, tafiyarsa ta koma kamar ta wanda ya sha wani abu, shi da bai taɓa sha ba. Dangi suka ce sanyin ƙarfe ne ya shige shi. Likitar ta ce ba ƙarfe ba ne, jini yake bi. Yana iya tsallake ɗa, yana iya kama shi, wani lokaci ma yakan zo wa ɗan da wuri fiye da uban. Ta ce in muka ga wani abu a jikin yarinyar, mu kawo ta.

Ba zan tuna maka abin da ya biyo baya ba, ka fi ni sani. Tafiya ta tafi, magana ta bi ta, haɗiya ta zama aiki. Kana kujera a ɗakin baya, Ummi tana tuƙa jirgi, kai kana ba da umarni da ido. Tana ce maka shugaban tasha.

Tun bakinka yana fita ka riƙe mini hannu ka ce, Rabi, kada ki kai mini Ummi wurin likitocin nan. Ki bar ta ta yi ƙuruciyarta. Sanin bai ƙara mini komai ba. Na ce to. Ka ce in ce na yi alkawari. Na ce na yi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Tun rasuwarka Ummi ba ta shiga ɗakin nan ba sai mako uku da suka wuce. Ina tuƙa tuwo na ji ƙarar ƙafafun ƙarfe a kan layi, na yi hamdala, na ce zuciyarta ta fara sanyi. Sai ƙarar ta tsaya. Sai na ji abu ya faɗi a kan tayil. Abban Ummi, na san ƙarar nan. Na bar muciya a tukunya na je.

Koren taragon shanun ne a hannunta. Ta gwada ɗora shi sau biyu a gabana, bai hau ba. Ta ce, Mama, rosak lah, wai ya lalace. Ka san ba ta amsa mini da Hausa sai na matsa. Amma sai ta ƙanƙance ido, ta yi irin muryarka, ta ce da Hausa tsaf: kayan araha ke nan. Ta yi dariya, don ta ba ni dariya ta yi. Na yi mata dariyar. Sannan na ga ta tura hannunta ƙarƙashin hijabi, ta bar shi a can.

Ranar Litinin da ta tafi makaranta na shiga ɗakin. Ni da ban taɓa ɗora tarago a layi ba, sau ɗaya na ɗora ya hau. Na tura da yatsa, ƙyas. Duk da haka ban yarda ba. Na naɗe shi a ɗankwali na kai wa Ankul, ina addu'a a hanya Allah ya sa ya ce ya lanƙwashe. Ya sa tabarau, ya juya ƙafafun, ya ɗora a layinsa ya zagaya sau uku. Ya ce boleh, wato yana aiki, lafiyarsa ƙalau. Ya tambaye ni ina abokinsa mai son taragun kaya, ya kwana biyu. Na gaya masa. Ya cire tabarau. Da zai miƙo mini taragon sai ya ce, irin waɗannan sababbin ba sa faɗuwa da kansu. Shi kayansa yake yabo. Ni kuwa sai da na dafa kantarsa.

Tun daga ranar idona ya buɗe, ko kuma tsoro ne yake nuna mini abin da babu, ban sani ba. Malamarta ta rubuto cewa rubutunta ya fara lalacewa. Tana kama ƙarfen matakala, ita da take saukowa a guje. Nakan ce wa kaina shekararta sha uku, ta yi tsawo da sauri, gaɓoɓinta ba su saba ba. Nakan ce maraici ne. Wallahi zai iya zama haka ne.

Jiya da rana na tsinci kaina a kan tabarma da ƙyallen atamfa, allura da zare, da gero a kofi. Sai da na gama buhu biyu sannan na tambayi kaina me nake yi. Na riga na shirya abin da zan ce mata: taragon bai da nauyi, sa masa waɗannan. Taragon da aka ƙera da nauyinsa. Abin da na yi maka shekara biyu shi nake shirin yi wa 'yarka.

Ka ce sanin bai ƙara maka komai ba. Ban musa maka ba lokacin, domin ba ka da ƙarfin musu. Amma ka manta shekara biyun da ka yi kana ɓoye hannunka kai kaɗai, ina kusa da kai ina ɗinka buhu. Ummi ba jaririya ba ce. Ta ga hannunka, ta ga nata. Tana ɓoye mini ne don kada in ji tsoro, ni ma ina ɓoye mata don kada ta ji. Ƙuruciyar da kake so in bar mata, in dai wannan ce, ta riga ta fara ƙarewa.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Takardun zamanmu za su ƙare da ƙarshen shekarar karatunta, yayanka Auwalu yana ta waya mu dawo. In mun koma, ka san abin da dangi za su ce. Za su samo mata wani ƙarfen su ɗora wa laifi. Likitar da ta san jininku tana nan, takardunka suna hannunta. Ta gaya mini tun kana raye cewa babu maganin da ke korarsa, amma akwai abubuwan da ake fara koya wa jiki da wuri.

Na kira asibitin. Sun ba mu ranar Alhamis da safe.

Ban gaya wa Ummi ba tukuna. Yau zan gaya mata in ta dawo daga makaranta, a ɗakin jirginka, da Hausa, ko da za ta amsa mini da wani yaren. Na farke buhunan nan biyu na mayar da geron cikin kwano. Taragon yana kan layi inda na mayar da shi, ba zan ce mata ya lalace ba.

Hadari ya fara haɗuwa, motar makarantarsu ta kusa. Kwanan nan na koyi sauraron mukullinta a ƙofa, ina ƙirga sau nawa yake gogar ƙarfe kafin ya shiga. Jiya sau uku ne.

Ka yafe mini, Abban Ummi. Ban taɓa saɓa maka da gangan ba sai yau. In an duba aka ce lafiyarta ƙalau, na ɗauki laifin tsoratar da ita, ka riƙe ni da shi har mu haɗu. In kuwa ɗayan ne, to ba za ta riƙe shi ita kaɗai ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi. Ka jiƙan Baba. Ka sa abin nan ya tsaya a kansu, kada ya ƙetaro. In kuma ka riga ka rubuta, ka ba ni ƙafafun da za su tsaya mata da hannun da ba zai sake ta ba. Amin.

Matarka har gobe,
Rabi, Maman Ummi
Cheras