Abin da Na Yi wa Hannun Gizlan

Agadir, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Mbarka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki ciwon bayan da ɗaga tsohuwar da kike jinya ya jawo miki, ya sa sanyin Torino ya fara sakin ki. Mu nan lafiya lau. Umma ta samu sauƙin ƙafa har tana hawa soro shanya da kanta, kuma har gobe ba wanda ya iya murza kuskus a gidan nan sai ita, in ji ta. Maigidana Bushaib yana nan yana fama da tasinsa. Matar ƙanenmu Abdulkabir ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Idir. Maƙwabciyarmu Zubida ce za ta kawo miki takardar, tare da kwalbar man argan da Umma ta tace miki da hannunta.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kowace Juma'a muna waya. Maganar ce ta fi ƙarfin bakina, sau biyu ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ranar Asabar waccan 'yarki Gizlan ta kira ki ta ce ta faɗi a wasan share fage, ba ta samu shiga babbar gasar golf ta mata ba, wai shirme kawai ta buga a ranar. Ke kuma kika tuna mata alkawarinku, cewa in bana ba ta shiga ba za ki turo takardu ta biyo ki Italiya ta kama aikin jinya, a rufe zancen ƙwallo. 'Yarki ba ta faɗa miki gaskiya ba. Ni na kayar da ita, kuma kafin ki taka zuwa ofishin takardun nan ina so ki ji yadda aka yi.

Kin san ƙofa biyu 'yan matanmu ke da ita zuwa gasar. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinta yana da gurbi ɗaya da yake bai wa wadda ya ga dama. Ɗaya gurbin kuma sai an buga, ramuka talatin da shida a yini guda, 'yan mata kusan arba'in. Bara gurbin kamfanin Kanza aka bai wa, wata 'yar Kasablanka, doguwa, fara, gashi har gadon baya, dubban mutane na bin hotunanta a waya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Gizlan ta doke ta. Baba Lahsan, abokin marigayi mijinki da suka yi shekaru suna ɗaukar wa Turawa jakar sandunan golf tare, wanda ya ɗora Gizlan a kan wasan, yakan ce ko idonsa a rufe yana gane bugunta da ƙara. Amma da aka tambayi mutumin kamfanin dalili, sai ya ce su fuskar da za ta hau allon talla suke nema.

Maganar nan ta tsaya mini a rai shekara cur. Shekara ashirin da shida ina gyaran amare a garin nan. Na karɓi 'yan matan da uwar miji ke taɓe wa baki, na fito da su uwar mijin na rangaɗa guɗa. Da na ji bana kamfanin ya gayyaci 'yan mata biyar shan shayi da ɗaukar hoto ranar Alhamis kafin ya zaɓa, sai na ce madalla, an shigo fagena. In kyau suke so, ai shi ne sana'ata. Gizlan kuwa kin san ta. Rana ta gasa ta, goshi da shatin hula, hannun hagu fari saboda safar hannu, na dama baƙi, sai ka ce na mutum biyu. Tafin kuma duk kanta ce, in ta shafa mayafin siliki sai ya maƙale mata.

Laraba da hantsi na ja ta gidan wankan unguwarmu. Lalla Iju mai cuɗa ta kama hannun ta jujjuya, ta ce wannan na 'yar Mbarka ne ko na mai faskare? Wata daga can lungu ta ce ai wanda ya aure ta ya huta da sayen abin goge karas. Aka tuntsire da dariya, har da ni. Gizlan ta yi dariyar yaƙe, ta matso ta ce Inna, a yi mini komai amma don Allah a bar mini tafin hannuna. Na ce ke tafi can, me kika sani, sama-sama kawai zan ɗauke. Aka shafe ta da baƙin sabulu, tururi ya ratsa ta, na ɗauki dutsen goge kaushi na bi kantar nan ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi wa diddigen amare. Sau ɗaya ta janye hannun, na harare ta, ta sake mini. Ban tashi ba sai da tafin ya koma sumul, ja-ja, kamar na jariri. Na shafe shi da mai, na zana mata lalle a yatsu. Wallahi Yaya, da alfahari na fito daga gidan wankan nan.

Ranar Alhamis na sa mata koren kaftanin nan mai ɗinkin zinariya. Da kin gan ta da sai kin yi hawaye, ke ce sak ranar ɗaurin aurenki. Mutumin kamfanin ya ce masha Allah, ina aka ɓoye wannan? Suka sa ta riƙe sanda, ta karkata kai, ta yi murmushi, a sake, a sake. Awa biyu ba wanda ya ce ta daki ƙwallo ko ɗaya, ba wanda ya tambaye ta wasa nawa ta ci bana. Ranar Juma'a ko kuskus ba a sauke ba saƙo ya shigo, Kanza aka sake bai wa. Gizlan ta ajiye wayar ta ce ba komai, saura wasan gobe.

Asabar na bi su filin, karo na farko a rayuwata, abin kunya. Baba Lahsan ya miƙa mata safa, idonsa ya faɗa kan tafin, ya kama ya duba, sannan ya ɗago ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce Zuhur, shekara tara yarinyar nan tana tara fatar nan, kullum ɗaruruwan ƙwallaye, ke kuma kin kwashe ta a hantsi guda? Ya ce kantar nan ita ce takalmin hannu, kin tura ta tafiyar yini ba takalmi.

Ni ban iya bin wasan ba, na dai san mai ƙarancin bugu ke ci, sai na riƙa karanta fuskar Baba Lahsan. Ramuka tara na farko ita ce a gaba. Daga na goma bororo ya fara tashi, kafin azahar duk sun fashe. Farar safar ta yi ja, ta cire ta sa wata. Hannun dama kuma ba a sa masa safa, gumi da jini suka haɗu, sandar na zame mata. Ina biye da su cikin silifas, ciyawa ta jiƙa mini gefen riga, ba damar in buɗe baki, don a wurin nan ko tari ka yi sai an harare ka. Duk bugun da ta yi, ina ganin yadda take cije leɓe.

Da aka tsaya hutun rana, sai ga Kanza, ta zo kallo. Yarinyar da na yi shekara ina jin haushinta ban taɓa yi mata magana ba. Ta durƙusa gaban Gizlan, ta ce ke mahaukaciya, wa ya yi miki wannan aika-aikar? Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kanza ta ciro filasta daga jakarta ta naɗe mata yatsa bayan yatsa. A nan na ga tafin Kanza, kanta ce fal, irin wadda na goge. Ta ce wa Gizlan ke kin fi ni, kowa ya sani, ni ma na sani. Ta ce kullum da sassafe tana fili, amma ba ɗan jaridar da ya taɓa tambayarta sai wane mai take shafawa, kuma in za a ɗauke ta hoto cewa ake ta juya hannun kada tafin ya fito.

Da filastar nan Gizlan ta koma, ta yi ta fafatawa har ta sake kamo na gaba. Saura ramuka uku, sandar ta juya a hannunta, ƙwallon ya faɗa tafki, aka ƙara mata bugu ɗaya na hukunci. Da aka gama, wata 'yar Tanja ce ta ɗauki gurbin, kuma ta buga da kyau, ba na ƙwace mata. Bugu ɗaya ne tsakaninsu, Yaya, ɗaya tak. Baba Lahsan ya ce da hannunta na da ne, da ratar bugu huɗu ko biyar za ta ba su. 'Yarki ta je ta miƙa wa yarinyar wannan hannun ta taya ta murna.

Ba na cewa kyau laifi ne, da shi nake cin abinci. Allon talla nasu ne, su ɗora wadda suke so. Amma gurbin gasa ai na mai iya bugu ne, kuma ni da ya kamata in fi kowa jin zafin abin da suka yi mata bara, sai na dube ta da irin idonsu. Wannan shi ke ci mini rai. A tasin Bushaib ina ta kuka, ita ke lallashina. Ta ce Inna, ba ke kaɗai ba ce, na san abin da zai faru kuma na sake miki hannun, don ni ma na so sau ɗaya in shiga ɗaki a dube ni yadda ake duban Kanza. Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan a ranta ba, ni da nake kwana gida ɗaya da ita.

Roƙona ke nan, Yaya. Kada ki turo takardun. Alkawarinku a kan iyawarta kuka yi shi, kuma ba iyawar ce ta gaza ba. Baba Lahsan ya ce nan da mako shida fatar za ta fara dawowa, kuma tun Litinin Gizlan ta koma fili tana buga na kusa da rami, wanda ba ya cin hannu. Ki ba ta shekara ɗaya. In fushi za ki yi, ki yi da ni, na cancanta, ko wata nawa za ki yi ba ki ɗauki wayata ba zan jure.

Gizlan ba ta san ina rubuto miki ba. Ranar da na ji ta tana gaya miki wai shirme ta buga, na tare ta na ce don me za ki ɗauki laifina ki aza a kanki, alhali kin san abin da zai biyo baya? Ta ce Inna, Mama tana can ita kaɗai cikin baƙi, kuma ƙanwa ɗaya gare ta a duniya. Ta ce gara ta rasa golf da ta raba mu. Yarinyar da kika haifa ke nan, Yaya, kuma ba zan iya bari ta biya wannan ba.

Umma na gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaure bayan da gyale in za ki ɗaga tsohuwar. Bushaib da Abdulkabir da mai jego duk suna gaisuwa, haka Baba Lahsan, wanda har yau bai amsa tawa ba. Ki gaishe mini da Hajiya Rahma da kuke ɗaki ɗaya. Allah ya tsare mana ke, ya dawo da ke lafiya.

Ƙanwarki mai neman afuwarki,
Zuhur