Inna, An Gama Ɗakinki, Saura Ƙyaure

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Ummaru, autanki, wanda ya baro makarantar boko a aji huɗu saboda shi da lissafi ba su jitu ba. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, ginin ma haka yake.

Na san babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kike, shi ya sa ban liƙe takardar ba. Duk wanda ya iya karatu a Lambara ya karanta, dama sun daɗe da gama yi mani dariya.

Albishir nake kawo maki, Inna: an gama ɗakin.

Kin tuna shekarar da siyasa ta dawo, motoci na yawo da lasifika, kowa na alkawarin famfo da kwalta? To, ciwon alkawarin nan ni ma ya kama ni. Albasa ta yi kyau, na dawo daga kasuwar Bodinga kaina na hayaƙi, na tsaya a tsakar gida na ce kin gama kwana a ɗakin ciyawa mai yoyo. Soro zan gina maki, da azara da indararo, irin na gidan hakimi.

Mai hankali da tubali yake farawa. Ni da ƙyaure na fara. Na kwano ne, shuɗi, da kwaɗonsa da makulli biyu. A kan jaki na kawo shi, mutane na yi mani barka. Kika zagaya shi sau biyu, kika dubi filin da ko harsashi ba a haƙa ba, kika ce, "Auta, wanga ƙyaure mi za shi tsare? Iska?" Duk da haka kika karɓi makulli ɗaya.

Ranin farko na yi tubali, ba zan ci haƙƙin kaina ba. Sai dai na jira sanyi ya wuce, sanyi na wucewa cirar albasa ta zo, ana gama albasa aka ce akwai taron siyasa a Shagari har da makaɗa. Ranar da na ce gobe zan kira magini, ranar hadari ya haɗo daga gabas. Muna zaune a bakin ɗakinki muna kallon tubalina na narkewa kamar sukari a koko. Ba ki yi faɗa ba. Cewa kika yi, "Ƙasa ta koma wajen 'yan'uwanta."

Haka aka yi shekara ta biyu, haka ta uku. Tudun ya yi ta girma a tsakar gida har surukarki Balki ta shuka kabewa a kansa. Ba shi kaɗai ba ne, kin sani. Rijiyar da na fara tana nan, iyakar ƙuguna, kaji sun mai da ita wurin ƙwai. Keken da na kwance don in wanke masa sarƙa har yau yana rataye a zaure, ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a rumbu.

Ƙyauren kuwa bai zauna banza ba. Ya tare awaki, ya yi mana inuwa, kin shanya kuɓewa da kuka a kansa. Babu aikin da bai yi ba a gidan nan in ban da rufe ɗaki.

Shekara ɗaya tak tubalina ya tsira, ita ce shekarar fari. Sama ta ƙi zubo ko ɗigo, tubali ya tsaya ƙyam kamar soja, rumbu kuma ya zama fayau. Lokacin ne sabulu da shinkafa suka koma sai an bi layi. Na tafi Sakkwato cin rani, ina tura ruwa a kura. Kafin in dawo damina ta sake sauka, ta cinye tubalin har da na bara.

Daminar da ta biyo baya ce kika tafi, a ɗakin ciyawar nan, da ƙwaryar da kike tara yoyo a gefen gadonki. Matan da suka yi maki wanka suka miƙo mani wani abu da suka kwance daga haɓar zanenki. Makullin ne, Inna. Shekara biyar kina ɗaure da makullin ɗakin da babu shi.

To, bari in share ido in ba ki na daɗin.

Jikarki Luba, wadda kike kira mai kunnen ƙashi, an kai ta gidan miji a Horo Birni bara, ga shi har Allah ya ba ta rabo. Cikin fari ne, kuma kin san al'ada, a gidan iyaye ake goyon ciki da wankan jego. Ɗakinki na ciyawa ya faɗi, namu kuma ya cika da ƙannenta. Balki ta same ni ina shan fura ta ce in cikin ya shiga wata bakwai babu ɗaki, za ta kai ɗiyarta Sifawa gidan yayanta, a yi haihuwa da suna a can, ni kuma in je a matsayin baƙo, a ba ni tabarma a waje.

Jikata ta fari, a gidan wani! Na buga ƙirji na ce sati biyu ya yi yawa. Na ɗauko sanda na zana harsashi a ƙasa, na ƙara da 'yar baranda, na yi kwana uku ina tunanin inda taga za ta kalla.

Rana ta huɗu na dawo daga fadama na tarar da gidana cike da maza, wando a naɗe, suna cikin laka har gwiwa. Ashe Balki ta bi gida gida ta kira gayya, ta dama kunu tukunya biyu, ba ta ko shawarce ni ba. Na tsaya riƙe da fartanya kamar wanda ya ɓata hanya. Liman da kansa ya miƙo mani tulu ya ce in ɗebo ruwa, tunda zanen ya ƙare.

Ga abin da zai ba ki dariya. Tudun nan na abin kunya, da Ige magini ya sa hannu ya murza ƙasarsa, sai ya ce tunda yake gini bai taɓa samun ƙasa mai kyau irinta ba. Ta sha ruwa ta bushe, ta sha ta bushe, ciyawar ciki ta ruɓe, ta yi danƙo kamar ƙullun waina. Nan take na gyara hula na shaida wa jama'a cewa dama shirin ke nan, ƙasar nake tsimawa. Har yau Balki in ta tuna sai ta ajiye muciya ta yi dariya.

Cikin kwana goma sha biyu aka ɗora azara, aka yi yaɓe, mata suka yi daɓe da waƙa. Kwana uku da sa indararo ruwan farko ya sauka. Na shiga ciki na tsaya ina kallon rufi, ina jiran ɗigo. Ko ɗaya.

Saura ƙyaure. Ranar da Ige zai bar ƙofa ya ce a kawo shi a auna, lokacin yana fadama na kare irin albasa da shi. Na ce ƙyauren da na yi shekaru ina kallo ai ba sai an wahala ba, na buɗe hannuwa na nuna masa faɗinsa. Da aka kawo shi, ya fi ƙofar da taƙi guda. Yana nan jingine da bango, shuɗinsa ya koɗe. Asabari muka rataya.

Luba ta sauka lafiya ranar wata Laraba da hantsi, ɗiya mace, a cikin ɗakin. Ranar suna mijinta ya yi mani karar da ban zata ba. Da liman ya faɗi sunan, sunanki ne, wanda bakina bai taɓa iya furtawa ba. Yanzu kowa a gidan Inna yake ce mata.

Don haka kin shiga ɗakinki, Inna. Kin makara, amma laifina ne. Kina kwance a kan sabon daɓe, ba yoyo, ba ƙwarya. In na leƙa da safe na ce, "Inna, an kwana lahiya?" sai ki yamutsa fuska ki dube ni, irin kallon da kika yi wa ƙyauren nan ranar da na kawo shi.

Makullinki na rataye shi a ƙusa, saitin kan jaririyar. Ige ya ce zai zo ya faɗaɗa ƙofar bayan kaka. Na ce masa ya bari, ni da kaina zan yi. Balki ta ji, ta ce to Allah ya ba jaririyar tsawon rai ta gani.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe maki, ya haskaka makwancinki. Ya ba ki ɗaki a Aljanna wanda aka riga aka gama, ba wanda ɗanki ya yi alkawari ba. Ya raya takwararki a kan halinki, ya sada mu da alheri. Amin.

Ni ne naki har kullum,
Autanki Ummaru, mai ƙyaure.