Ƙafar Baba bayan tafiyar bakin teku

Gyadi-Gyadi, Kano.

Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya.

An kwantar da Baba a asibiti ranar Talata. Babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya yi baƙi.

Sai jiya ya gaya mini abin da ya faru, bayan na matsa masa. Da ya zo wurinka, ka kai shi gandun dajin nan na bakin teku, kuka yi awa uku kuna tafiya a ƙasa don ya ga hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Ban ga laifin zuwan ba. Shekara talatin yana koyar da tarihi a Tarauni bai taɓa ganin teku ba. Amma da mai yi muku jagora ya nuna wasu tsofaffin kaburbura, ya ce akwai 'yan Arewa a ciki, sai Baba ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba a maƙabarta. Daga nan ya ƙi mayarwa, ya ce babu takalmi aka kora bayin, shi ma haka zai bi. Ya taka rairayi mai zafi da fasassun katantanwa har bakin ruwa, kai kana biye riƙe da takalman kana ɗaukarsa hoto.

Ka san mai ciwon suga ba ya jin yanka a tafin ƙafa. Da hannuna na rubuta maka cewa kada ya cire takalmi, kuma a duba ƙafarsa kowace safiya. Ka ga yankan, ka ɗaure da bandeji, kuka haɗa baki kada in sani. Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Kwana goma sha ɗaya ciwon yana cikin safa. Inna ce ta ji wari.

Baba ya ce kada in yi maka faɗa, wai ko an cire yatsan saura tara, sun ishe shi zuwa masallaci. Ni ban yi dariya ba.

Ka nemi hutu ka taho. Inna da Maimuna da Kawu Shehu suna gaishe ku. Likita ya ce sai hoton ƙashi ya fito ranar Asabar za a san ko yatsan kaɗai za a cire, ko har ƙafar.

Yayarka,
Nafisa