Haƙori Ɗaya da Albasar Tama

Zuwa ga mahaifina, Baba Maƙeri na Tama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ɗiyarka Hadiza ce daga Madawa, da labarin da na so a ce da bakina na ba ka shi.

Baba, motopom ɗin garkarka, injin ban ruwan nan, ya tsaya albasa tana tsakiyar yin kai. Sandar cikinsa ce ta karye. Yaya Illiyasu ya iso shagona da ganyen albasa a aljihu, ya fara yaushi, don in gani da idona.

Ba ka ga injin da nake aiki da shi ba. Tur ake ce masa: yana juya ƙarfe, wani ɗan haƙori yana fere shi. Da shi zan fere sabuwar sanda. Haƙori ɗaya ya rage mini, kafin wani haƙorin ya zo daga garin Tawa kuwa garkar ta bushe.

Ka san ɗanka, jinin maƙera ne. Ya tsaya a kaina wai in danna da ƙarfi mu gama, kamar guduma ce a hannuna.

Na tuna ina ja maka zugazugi, tunda guduma ka ce ba ta mata ba ce. Kakan goga magagari a jikin ƙarfe ka ce, "Ji taurinai tukuna, kak ki yi mai gaugawa."

Magagarinka na ɗauko, Baba. Na goga, ya zame, na san ƙarfen nan mai taurin kai ne. Na haɗa taurinsa da zurfin yanka da saurin tafiyar haƙorin, lissafi ya nuna nauyin da Yaya yake so zai ɓalle shi nan take. Na rage zurfin, na bi a hankali, shi kuwa yana ta safa da marwa yana tsaki.

Ɓawon ƙarfen ya riƙa fita a nannaɗe, bai ƙone ba. Haƙorin bai ko dakushe ba.

Muka kai sabuwar sandar Tama muka ɗaura, ruwa ya gudu a garkarka, Baba. Na tsaya a bakin kwalbati na yi dariya har da hawaye, na yi kewarka ƙwarai.

Jiya da na shiga maƙerarka, na tarar Yaya ya rataye ɓawon ƙarfen nan a ƙusa ɗaya da gudumarka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai kamar yadda Ya shayar da garkarka.

Taka har kullum,
Hadiza maƙeriya