Karen maƙwabcina ya cinye gadon Baba, mai gida na jiran amsata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malam mai kula, ka cire sunana kafin ka tura, ɗalibaina sun fara sanin hanyar kafen intanet, ba na so in shiga aji ranar Litinin su tarbe ni da kukan kare. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji, kuma abin da ya gajiyar da ni ko faɗinsa da kunya.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Agege. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuku ne a gidan wani Bature a Ijora, a wurinsa ya koyi wani aiki da ba ya ciyar da kowa. Ana ɗaukar ƙugiyar kamun kifi a naɗa mata zare da gashin tsuntsu har ta koma kamar ƙwaro, a jefa a ruwa, kifi ya zaci abinci ne. Baba bai bar gida ba, bai bar fili ba, ya bar mini gwangwanin biskit cike da busassun fatun wuyan zakaru da gashinsu, irin na ƙasar Baturen, dogaye masu sheƙi, da haƙurin zama a kansu. Ni kuma na ƙara da abin da nake samu, wutsiyar akuya daga mayanka, gashin zabo daga masu kaji. Ranar Asabar in hau motar haya ta danfo zuwa bakin kogi wajen Isheri, in dawo da karfasa biyu ko in dawo da labari. Uwargida takan tuna mini cewa tsutsa kyauta ce kuma kifi bai taɓa raina ta ba. Gaskiyarta, amma wannan zaman da zare shi kaɗai ne wurin da ba a kirana oga ko a tambaye ni maki.

Gidan da muke haya na wata Alhaja ce, jikar tsohon sojan Turawa, a nan Legas aka haife ta, Hausarta takan yi rabin hanya ta juya Yarbanci. Ɗakin da ke kallon nawa na Bulus ne, mutumin kudancin Kaduna, makanikin janareto, da matarsa da 'ya'ya biyu. Makon da soja suka miƙa mulki ya kawo ɗan kwikwiyo ya sa masa suna Sanata, wai ya lura aikinsa ci da barci da hayaniya. Alhaja ta tara mu duka ta kafa sharaɗi, kare ya zauna ɗaure a bakin get ya yi gadi, ranar da ya sa ƙafa a duk wani ɗakin da ake salla, shi da mai shi su kwashe kayansu. Alhaja kuwa ba ta maimaita magana.

Sai in gaya muku wane ne Bulus a wurina. Lokacin rikicin ƙabilanci na Ketu, da jita-jita ta iso Agege cewa ana tafe kan Hausawa, ina makaranta an rufe mu ciki. Bulus ya kwashe matata da 'yata ya sa su ɗakinsa tare da nasa iyalin, ya kulle, ya zauna a bakin get shi da karen nan har na dawo da yamma. Ba abin da ya faru a layinmu, amma shi bai san haka ba lokacin da ya zauna. Na ce masa ai da ka ce kai ba Bahaushe ba ne, ya yi dariya ya ce, Ticha, a garin nan wa zai tsaya ya tambaye ni sunan cocina, a wurinsu duk ɗan Arewa malla ne.

To karen ya girma ya gano ni. Fatar da aka busar da gishiri a wurina kayan aiki ce, a wurinsa kilishi. Ya fara da wutsiyar akuya da na shanya a taga, na ƙyale. Ya ɗauke fiffiken zabo, na ƙyale. Ya tauna ƙullin zare, Bulus ya ba da haƙuri ya sake igiya, na ce ba komai, na mayar da shanyata saman kwano. Haka muke ta yi, ni ina hawa sama shi yana koyon tsalle.

Asabar da ta wuce danshin damina ya sa na buɗe gwangwanin Baba na baje fatun a kan tabarma cikin ɗaki su sha iska, na tafi azahar. Uwargida na bayan gida, ƙofa labule kawai. Igiya ta tsinke. Da na dawo ɗakin kamar an fige kasuwar kaji, ya cinye fatun har da gashin, saura guda biyu da ya lasa ya bari, ina jin ya ƙoshi ne. Waɗannan biyun da sun ishe ni sauran rayuwata. Amma kafin in iso uwargida ta riga ta kwashe su da tabarmar ta kai bakin famfo a tsakar gida, ta wanke su sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta dirje da kyau. Na ce mata hukuncin nan a kan ƙwaryar da kare ya sha aka yi shi, kuma ko a nan malamai sun saɓa, ta ce ita malamin kaset ɗinta bai saɓa da kowa ba. Abin da kare ya raga, tsarki ya ƙarasa, gashin ya koma kamar tsohuwar tsintsiya. Ban iya yi mata faɗa ba, ibada ta yi.

Matsalar ita ce Alhaja na zaune a barandar benenta da carbinta tana kallon famfon. Washegari ta aiko a kira ni. Ta ce, "Tisha, ba a wanke tabarma sau bakwai don akuya." Na ce Mama, haka ne. Ta ce ita ba ta korar mutum da zato, ba ta kuma tambayi matata ba don mace ba ta kai ƙarar maƙwabci a bayan mijinta, ni take so in hau sama bayan sallar Juma'a in gaya mata da bakina, ya shiga ko bai shiga ba. Ta ƙara da cewa shekarun da na yi a gidanta ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Ban taɓa jin yabo ya yi mini nauyi haka ba.

Bulus ya zo da buhu guda na farin gashin kajin gona, ya durƙusa ya ajiye, wai ya fi waɗancan yawa. Na karɓa na gode, me zan ce masa, ko matashin kai ba zai yi daɗi da shi ba. Na ce ya kai karen wurin ɗan'uwansa a Ajegunle ko Alhaja ta sauko, ya ce sharaɗin da su biyu aka yi, shi da karen, kuma ko ba haka ba, dabbar da ta zauna da shi a bakin get ranar nan ba zai iya jefar da ita ba. Da zai fita ya juyo ya ce, "Ticha, kada ka yi ƙarya saboda ni, ka faɗi abin da ya faru." Da ya roƙe ni in rufa masa asiri da na fi samun sauƙi.

Ku duba inda nake. In na ce ya shiga, mutumin da ya tsare iyalina zai bi titin Legas da 'ya'ya biyu a tsakiyar zangon karatu yana neman mai gidan da zai karɓi ɗan Arewa da kare, kuma a irin zamanin nan ba wanda zai ce gashin zakara ne, cewa za a yi Musulmi sun kori Kirista. In na ce bai shiga ba, na yi wa tsohuwa ƙarya a kan abin da ya shafi sallarta, ranar Juma'a, kuma ta sani. In na roƙa masa, to na amsa ke nan, Alhaja kuwa na gaya muku halinta. Uwargida da safe ta ce in faɗi gaskiya, da yamma ta tuna ɗakin da aka kulle su ta yi ta hawaye. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, duk lokacin da na buɗe gwangwanin nan na ga ba komai sai warin gishiri, akwai wani a cikina da yake so su tafi.

Ɗazu da zan fito kafe Sanata ya taso yana kaɗa mini wutsiya, na ga jan gashi ɗaya na zakaran Baba maƙale a kullin igiyarsa. Na durƙusa na cire, ya lashi hannuna. Yana aljihuna yanzu, ban kai shi gida ba, kar a wanke.

Gobe Juma'a. Jama'a, in na hau benen nan, me zan ce wa Alhaja?