Murhun Bature

Nassarawa, Kano, Agusta 1960

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, Baturen da nake yi wa kuku zai koma Ingila kafin bikin 'yancin kai. Ya ba ni zaɓi: ko ya sa ni a makarantar koyon aikin lantarki a Kaduna, shekara biyu babu albashi, ko ya bar mini murhun ƙarfen gidan, wanda nake gasa masa burodi a ciki. Zuciyata tana Kaduna, amma matata Larai tana da ciki. Me ka gani?

Ƙaninka, Ɗahiru

Gusau

Ɗahiru ɗan'uwana,

Gaisuwa da yawa. Kai, da gemunka za ka zauna a benci, yaro ya riƙa nuna maka waya ja da baƙa? Larai waya za ta ci? Ni da kake gani, aji huɗu na yi, sauran a kasuwar gyaɗa na karanta. Turawa za su tafi, amma sun riga sun koya wa akawunanmu shayi, shi kuwa shayi ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗauki murhu, ka kama ɗaki a Tudun Wada ka riƙa gasa burodi. Fulawa a kaina, ribar mu raba. Lantarki kuwa, gida nawa ke da shi a Kano?

Haza wassalam. Shu'aibu

Tudun Wada, Nuwamba 1960

Yaya,

Bayan gaisuwa, na bi maganarka. Gurbin Kaduna an ba Simon, mai kula da lambun gidan, har ya tafi. Na kama ɗaki, na kawo amalanke da 'yan dako. A bakin ƙofa sabon mai gidan ya tare mu. Bahaushe ne kamarmu, babban ma'aikaci. Ya ce gidan na gwamnati ne, haka gado da kujeru da murhu. Bature kyautar abin da ba nasa ba ya yi. Na roƙe shi ko aikin kuku ya bar mini. Ya yi dariya, ya ce shi tuwo yake ci, matarsa kuma a murhun duwatsu take tuƙawa a bayan gida. Jiya na leƙa ta taga. Kazarsu ce ke kwanci a inda nake gasa burodi.

Larai ta sauka, namiji ne. Ba ragon suna. Ina fulawar?

Ɗahiru

Gusau

Ɗahiru,

Barka da arziki, Allah ya raya. Fulawa ai don murhu na ce, ba murhu kuwa. Ni dillali ne, kafin in sayi akuya sai na tambayi mai ita. Kai shekara nawa kana hura abin ba ka tambaya ba? Amma kada ka karaya. Ka bincika mini ko matar mai gidan za ta sayar da ƙwan, yana tsada a nan.

Naka har kullum, Shu'aibu

Tudun Wada

Malam Shu'aibu,

Salamu alaikum. An yi suna. Da farko sunanka na yi niyyar sa masa. Sunansa Jibrin.

Ka huta lafiya.

Ɗahiru