Bindigar Aila Ba Za Ta Hau Bango Ba

Ni Reino Hautala, alƙali mai ritaya, na rubuta wannan da hannuna a gidana da ke Baraga, ina cikin cikakken hankalina. Likita ya tabbatar da haka, ko da yake abin da ya faɗa game da zuciyata daban ne. Zuwa ga 'ya'yana biyu da suka rage, Gordon da Wayne. Gida da sauran dukiya suna cikin takardar da ke hannun lauya, an raba muku daidai. Abin da ke nan shi ne wanda lauya ba zai iya rubuta mini ba.

Na ɗaya. Bindigar ƙanwarku Aila ba za ta hau bangon sansaninmu na farauta ba.

Mako uku da binne ta, Merle Koskela, shugaban sansanin, ya zo mini da hula a hannu. Ya ce sun yi shawara za su rataye bindigarta a saman murhu, kusa da na mamatanmu, har sun sa an zana sunanta a kan tagulla. Na ba shi kofi, na raka shi har mota, ban ɗaga murya ba. Amsata ke nan yanzu. Shekara ashirin da biyu bindigar nan ba ta isa ta ƙetare ƙofar ɗakin ba. Yanzu da mai ita ta kwanta, babu mai harba ta, sai ta zama abin ado? Ban yarda ba.

Kun san yadda ta same ta. Na ba kowannenku, ku ukun, dala ɗari huɗu ya zaɓi bindigar farautar barewa, ban ƙara wa kowa ko sisi ba. Ku biyu kun gama zaɓe da yamma ɗaya. Aila ta yi wata biyar. Da raunin hannun dama aka haife ta: yana riƙewa, amma ba ya iya jan ƙarfen da ake ɗana irin bindigoginmu. Dole ta nemi mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, su kuwa sababbinsu sun fi ƙarfin kuɗin. Na so in cika mata a ɓoye. Ta ce, "Baba, in ka ƙara mini, Yaya Gordon zai yi ta gori har ranar da zan mutu." Ta bi shaguna har Marquette da ɗan littafinta, tana auna nauyi, tana gwada taurin kunama, tana leƙa cikin bututu da tocila. Ta ƙi guda shida. Ta bakwai tsohuwa ce, katakonta ya sha hannu, amma ba ta taɓa cije mata ba ko a sanyin da ke daskarar da mai. Ta dawo mini da canjin dala goma sha ɗaya. Yana cikin aljihun teburina. Ku bar shi a ambulan ɗinsa.

Na biyu. Eka arba'in da sansanin ke kai tawa ce, na bar muku ita tare, kada a raba, kada a sayar. Mutanen sansanin za su ci gaba da zama a kai bisa sharaɗi guda: su soke dokar sansanin mai lamba tara kafin buɗe farauta, ranar sha biyar ga Nuwamba. Idan sun ƙi, su kwashe ɗakinsu katako bayan katako.

Dokar ta ce bindiga mai ɗura kanta ba ta shiga sansani, wai ta ragwaye ce masu watsa harsashi. Dokar jiha ba ta hana ta ba. Mu ne muka ƙirƙiri tamu. Na ga mazan da suka kafe a kanta suna raunata barewa su bar ta ta mutu a fadama, su dawo ɗakin wankan tururi suna ba da labarin jarumta. Aila kuwa ta yi farauta ita kaɗai a dajin gwamnati, tana cin abinci a cikin motarta. Barewa goma sha bakwai ta kayar. Sau biyu kacal ta buƙaci harbi na biyu. Kowace shekara takan ajiye muku naman da ta kyafe a bakin ƙofar sansani ta juya, ku kuma kukan cinye.

Na uku. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare.

Wayne, abin da ka faɗa wa yayanka a harabar coci ranar jana'iza, cewa shi ya hana Aila shiga sansanin, gaskiya ne, amma ba wurinsa ba ne, kuma ba shi kaɗai ya cancanta ba. Ranar da Aila ta nemi shiga, mu tara ne. Kai ka goyi bayanta. Gordon ya ce, "Ƙanwata, bindigar harba-ki-more ai ta 'yan birni ce, ki tsaya ki dafa mana wake," aka yi dariya. Ƙuri'a ta tashi huɗu da huɗu. Saura ni. Na miƙe na ce alƙali ba ya zama kan shari'ar 'yarsa, na janye. Na ɗauka na yi abin da ya dace, har na ji daɗin kaina. Ba kotu ba ce. Ɗakin katako ne mai warin safa, kuma 'yata tana tsaye a dusar ƙanƙara tana jira. Shekara talatin na yi ina yanke hukunci kan baƙi, ranar da aka buƙaci hukuncina guda ɗaya sai na ɓuya a bayan ƙa'ida. Ba ta taɓa tada maganar ba, ko a asibiti da ciwon daji ya ci ƙarfinta. Idan kana neman wanda za ka yi fushi da shi, Wayne, ka fara da ni, ni kuwa na kusa kauce maka.

Na huɗu. Bindigar na bar wa Gordon.

Wayne, kada ka ga an zalunce ka. Gordon, bara ina zaune bayanka a kan tudun gabas lokacin da barewar nan ta fito. Ka harba ka kuskure, ka kai hannu don ka sake ɗanawa, kafaɗarka ta ƙi. Ka gaya wa mutane bindigar ce ta cije. Ba ta cije ba. Tun da aka yi maka aikin tiyata hannunka bai koma daidai ba, kuma ka san idan doka ta tara ta tsaya, farautarka ta ƙare. Bindigar ƙanwarka ce kaɗai a gidan nan da za ka iya harbawa. Ka goge ta, ka gwada ta a kan allo tun watan Oktoba. Tana ɗan karkata hagu, Aila ta rubuta gyaran a littafinta. Ranar buɗe farauta ka shiga da ita ta ƙofar gaba, ba a cikin jaka ba. Idan wani ya yi maka ba'a, ka saurara da kyau, domin kalmominka ne.

Wayne, kai za ka riƙe masa ƙofar.

Ku binne ni kusa da ita da mahaifiyarku. Kada a rataye tawa bindigar ma; ban cancanci bangon ba, shi ma bai cancanci tata ba. Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da 'ya'yanku, ya tsare ku a daji da gida. Ku uku na haifa, na bari aka bar ɗaya a waje. Ku biyun da kuka rage, kada ɗayanku ya sake cin abinci shi kaɗai a mota alhali ɗan'uwansa yana ciki kusa da murhu.

Mahaifinku,
Reino Hautala